Yadda Basakkwace zai shirya wa gudun sadaka a cikin tsaunuka

Ranar da na fara fita atisaye bayan sallar Asuba, wani dattijo da ke zaune ƙofar masallacin unguwarmu ya ɗaga carbinsa ya tsayar da ni. "Kai yaro, wa yak koro ka?" Na ce, "Baba, ba kowa. Kuɗin rijiya nake son tarawa." Ya dube ni tun daga kambas har hula, ya ce Allah shi kyauta. Bayan wata biyar shi ne ya ba ni dubu biyu a naɗe cikin leda.

Gudun sadaka shi ne mutum ya yi alkawarin gudun wani nisa, jama'a su ba da gudummawa saboda wahalar da zai sha, kuɗin kuma su tafi ga wani aikin alheri. In gudun a cikin tsaunuka ne, nesa da gari, mu mutanen Sakkwato muna shiga da gata ɗaya da naƙasu biyu. Gatan shi ne zafi bai ba mu tsoro. Naƙasun kuwa, ƙafarmu ba ta san dutse ba, jikinmu bai san sanyin kan tudu ba. Sakkwato tana wajen mita 300 ne sama da teku, Jos ta haura mita 1,200, tsaunin Shere da ke gefenta ya kai mita 1,800 da ɗoriya, Mambila a Taraba kuma yawancinta wajen mita 1,600 ne. Duk shirin da zan zayyana a kan cike wannan giɓi yake, da kuma riƙe amanar kuɗin mutane.

Mataki na farko: karanta hanyar kafin ka biya kuɗin rajista

Kowa yakan tambayi kilomita nawa ne. Tambayar da ta fi ta nauyi ita ce jimillar hawa mita nawa ce. Masu gudun tsauni suna da wani lissafi na ƙiyasi: kowace mita 100 ta hawa ka ɗauke ta kamar ƙarin kilomita ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya. Ke nan gudun kilomita 21 mai hawan mita 1,000 zai ci ƙarfinka kamar kilomita 31 a kan titin Birnin Kebbi. Tseren tsaunin Obudu da aka fara a Kuros Riba a 2005 bai wuce kilomita 11 da 'yan kai ba, amma kusan duk hawa ne, shi ya sa gwanayen duniya ma suka riƙa isa sama suna haki. Na Okpekpe a Edo kilomita 10 ne kawai, shi ma tuddai ne suka yi masa suna. In wannan ne karonka na farko, kada ka wuce kilomita 21 zuwa 25. Cikakken gudun fanfalaki, wato kilomita 42.195, ka bar shi sai wata shekara.

Sai ka rubuta wa masu shirya gudun, ka nemi amsa a rubuce. Tazarar da ke tsakanin wuraren ba da ruwa nawa ce? Ƙarfe nawa ake rufe hanya? In mutum ya yi targaɗe a tsakiyar dawa, wa zai ɗauko shi, da me? Akwai ma'aikacin lafiya? An sanar da hakimai da masu unguwannin ƙauyukan da za a ratsa, da jami'an tsaro? Wannan ta ƙarshe ba sai an yi wa mutumin Sakkwato dogon bayani ba, mun san abin da ke faruwa a gabashin jiharmu da kan hanyar Zamfara. Wanda ya ce maka "kada ka damu, komai lafiya" bai ba ka amsa ba. Bar masa gudunsa.

Duba watan da za a yi ma. Damina a kan tudu tana nufin santsi, hazo mai rufe hanya, da ƙoramar da ke cika cikin minti ashirin. Hunturu kuwa busasshiyar hanya ce da sanyin asuba mai shiga ƙashi. Ni na fi son hunturu, don atisayensa yakan faɗo tsakanin Agusta da Disamba, lokacin da Sakkwato ta ɗan yi sauƙi.

Na biyu: asibiti, sannan gida

Je a auna hawan jininka da sukari, a saurari zuciya. Ka san rukunin jininka na sikila. Mai SS kada ya shiga sam. Mai AS yana iya motsa jiki, amma matsananciyar gajiya da ƙishirwa da hawa tudu mai tsawo in sun haɗu suna iya jawo masa matsala, don haka ya gaya wa likita ainihin abin da zai je yi. Mai asma ya yi maganar ƙurar hunturu. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar saura sati biyu a tafi, ya haƙura da wannan karon.

Daga nan sai iyaye. Inna ta ce mini, "Wai kai ba ka iya ba da sadakar kana zaune?" Gaskiyarta. Na ce mata abin da ke aljihuna ba ya haƙa ko gaba guda na zurfin rijiya, amma in na yi abin da mutane za su tsaya kallo, ɗari biyar ɗin wannan da dubun wancan za su taru. Ta yi shiru, sannan ta ce in rubuta mata lambar wanda zai san inda nake. Mace mai son shiga ta nemi rukunin mata ko ɗan'uwa da zai raka ta. Akwai doguwar riga mara nauyi da wando da ƙaramin hijabi na wasanni da ba sa hana gudu.

Na uku: kuɗin jama'a

A nan mutane suka fi zubar da mutuncinsu, ba a kan dutse ba.

Zaɓi aiki guda ɗaya wanda ake iya nunawa da yatsa. Gyaran rijiyar burtsatse a ƙauye kaza, rufin aji biyu, kuɗin makarantar marayu goma. Ga mai son fannin lafiya, a nan cikin Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin baki da fuskar ƙananan yara, an kafa shi tun 1999, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Duk inda ka zaɓa, je da ƙafarka ka gaya musu niyyarka, ka tambayi abin da suke bukata da yadda suke karɓar taimako, ka karɓo takardar amincewa. Kada ka sa sunan wata cibiya a sanarwarka ba da saninta ba.

In zai yiwu, kuɗin su tafi kai tsaye asusun masu aikin, kai dai a turo maka hoton alat ka rubuta. In dole sai ta hannunka, buɗe asusu dabam, ka sa mutum biyu da jama'a suka yarda da su su zama shaidu, misali limamin unguwa da wani malamin makaranta. Sayi littafin rubutu: suna, kwanan wata, adadi. Wanda ya ce a sakaya sunansa, rubuta "wani bawan Allah".

Kuɗin motarka, masauki, takalmi da rajista daga aljihunka za su fito. In ba ka da hali, nemi wani ya ɗauki nauyin tafiyar, a faɗa a fili cewa wannan na tafiya ne. Na taɓa ganin wanda ya cire kuɗin takalmi daga gudummawa da nufin zai mayar ƙarshen wata. Ya mayar kuwa, amma maganar ta riga ta fita, har yau in ya zo da wata takardar neman taimako sai a riƙa kallon juna.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce alkawarin kilomita. Ka ce wa mutum, "Alhaji, nawa za ka ba kowace kilomita?" In ya ce ɗari biyar, kilomita 21 ta zama dubu goma da ɗari biyar. 'Yan kasuwa suna son wannan, don akwai ciniki a ciki. Amma ku daidaita tun farko a kan abin da zai faru in ba ka ƙarasa ba, kada alkawarin ya sa ka ci gaba da gudu a kan karyayyar ƙafa. Wanda ya ce zakkarsa zai bayar, tura shi wurin malami tukuna, domin zakka tana da waɗanda aka ƙayyade mata, ba kowane aikin alheri take shiga ba.

Batun riya kuma, kowa ya san zuciyarsa. Sanarwa a WhatsApp da Facebook dole ce, in ba haka ba wa zai bayar? Ni dai dokar da na sa wa kaina ita ce hoton rijiyar ya fi hotona yawa.

Na huɗu: atisaye a garin da ba dutse

Ware wata huɗu zuwa biyar in kana ɗan motsa jiki, shida in daga zaune za ka fara. Fita sau huɗu a sati ya isa. Sati huɗun farko, gudu da tafiya a cakuɗe, minti 30 zuwa 40, a saurin da za ka iya hira da abokinka ba tare da numfashi ya yanke ba. Kada ƙarin nisan sati ya wuce kashi ɗaya cikin goma na satin baya, kuma kowane sati na huɗu ka rage, jiki ya huta. Rana ɗaya a sati ta doguwar fita ce. Fara da awa ɗaya, ka riƙa ƙarawa har ka iya awa uku a kan ƙafa saura sati uku a tafi. Da awa za ka auna, domin a tsauni kilomita ba ta faɗin gaskiya.

Lokaci kuwa bayan Asuba ne. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, duk wanda bai dawo gida kafin ƙarfe takwas ba yana wasa da ransa. In azumi ya faɗo cikin shirin, mayar da fitar bayan Tarawihi, ka rage nisa, ka ajiye doguwar fita sai bayan Salla.

To ina za a sami dutse? Matakala. Na filin wasa na Giginya in an bari ka shiga, ko na kowane bene mai hawa uku da mai gadinsa ya san ka. Sau biyu a sati, minti 20 da farko, har ka kai 45, da jakar da za ka yi gudun da ita a bayanka. Gangaren da ke sauka zuwa gulbi ta hanyar jami'a shi ma yana da amfani, ka hau ka sauka ka maimaita, sai dai ka yi hattara da 'yan kabu-kabu, ka bi gefen da kake fuskantar abin hawa. Rairayin fadama yana ƙarfafa idon sawu da sha-raɓa fiye da kwalta, ka riƙa shiga cikinsa sau ɗaya a sati.

Ga abin da ba wanda ya gaya mini sai da na ɗanɗana. Hawa yana cin numfashi, amma sauka ce ke kashe ƙafa. A gangare, naman gaban cinya ne birki, kowane taku yana tare nauyin jikinka duka. A guduna na farko, cikin tuddan Filato, na hau tudun farko ina jin kaina, har ina wuce mutane. A gangare na uku cinyoyina suka fara rawa kamar an kaɗa mazari. Wata mata 'yar yankin, da itace a kanta da silifas a ƙafa, ta wuce ni tana sannu da aiki. Kilomita huɗun ƙarshe da baya da baya na riƙa sauka wasu wuraren. Saboda haka in ka hau matakala kada ka ɗauki saukowa hutu, ita ce rabin darasin. Ƙara da tsugunno da tashi, da saukowa daga kan benci da ƙafa ɗaya a hankali, kana ƙirga uku kafin diddige ya taɓa ƙasa, sau goma kowace ƙafa, zagaye uku. Kwana biyun farko za ka ji kamar an yi maka duka. Bayan sati uku ciwon yakan ragu ƙwarai.

Koyi tafiya da sauri ma. A tsauni, gwanaye ma tafiya suke yi a wuri mai tsini. Ba abin kunya ba ne.

Sati biyun ƙarshe rage komai zuwa rabi, ka yi barci.

Na biyar: kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zai taɓa jikinka ko ya shiga cikinka ranar gudu, ka riga ka gwada shi a doguwar fita sau uku aƙalla.

Takalmi ya zama mai haƙora a ƙasa, ya fi ƙafarka da faɗin babban yatsa, don ƙafa tana kumbura kuma a gangare yatsu suna dukan gaba. A gwanjo ana samun masu kyau, amma juya shi ka duba ƙasan, ka lanƙwasa, in ya sule ko roba ta bushe bar shi. Safa kada ta zama ta auduga zalla, tana riƙe gumi ta kawo bororo. Yanke farce saura kwana uku. Shafa man Basilin tsakanin cinyoyi, hammata da yatsu. Wando mai rufe gwiwa yana kare al'aura, yana kuma kare ka daga ƙaya.

A jaka: ruwa lita ɗaya da rabi, dabino, ƙuli-ƙuli don gishirinsa, ayaba ko zuma a ƙaramar roba, rigar ruwa mara nauyi, riga mai dogon hannu, tocila, usur, filasta da bandeji, waya cike da caji da taswirar hanyar a ajiye cikinta, domin sabis yakan ɓace a kwari. Takarda a leda mai sunanka, rukunin jini da lambar wanda za a kira. Sai ruwan gishiri da sukari, ko dai na ƙunshi daga kemis, ko ka haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fura da nono ka bar su sai an gama, suna zama a ciki.

Rigar sanyin nan kada ka raina ta. Duk hawan mita 1,000 yanayi yakan sauka da digiri shida ko fiye, ga iska, ga jiƙaƙƙiyar riga. Mutumin da ya saba da zafin Afrilu a Mabera zai iya kama makyarkyata a kan tudu cikin minti goma in ya tsaya.

Na shida: hanya

Sakkwato zuwa Jos ta Gusau, Funtuwa da Zariya tafiyar yini ce cur. Shiga motar farko, kada dare ya same ka a hanya, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar take ciki a wannan satin. Isa saura kwana biyu ko uku, ƙafa ta warware daga zaman mota, huhu ya ɗan saba. Washegari taka kilomita biyu ko uku na farkon hanyar a hankali, ka ga irin ƙasar. Ci abin da cikinka ya sani. Tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar tun kana gida, don ka san yadda za ka yi in lokaci ya same ka a dawa. Raka'a biyu ba ta cin minti biyar, ƙafa ma tana godiya.

Ranar gudu

Karya kumallo saura awa biyu zuwa uku: koko, burodi da shayi, ko 'yar shinkafa. Da aka busa usur za ka ga samari sun fyalla kamar an saki 'yan maruƙa. Ƙyale su, da yawansu za ka tarar zaune a kan dutse kafin rabin hanya. Awar farko ka yi ta kamar kana jin kunyar sauri.

A hawa, gajerun taku, ka ɗan sunkuya daga ƙugu, in ya yi tsini dafa gwiwoyi ka tura. A sauka, kada ka jingina baya kana turjewa da diddige, taku ƙanana masu sauri, gwiwa a sake, idonka taku uku gaba, hannuwa a buɗe. Tsakuwa a kan fa ta fi laka santsi.

Ci dabino biyu ko uku duk minti 30 zuwa 45 tun kafin yunwa ta zo. Sha ruwa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishi, kana surkawa da na gishiri. Ɗurawa ciki ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, kuma yana kisa. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don ka danne ciwo, tare da ƙarancin ruwa suna iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa ko a ba ka kyauta kada ka karɓa.

Hanyar ana yi mata alama da ƙyalle ko fenti. In ka yi minti goma ba ka ga alama ba, tsaya, koma ta inda ka fito har ka ga ta ƙarshe. Kada ka yanke ta cikin kwari don ka hango mutane a wancan tudun, abin da ido ke gani kusa ƙafa takan yi awa kafin ta kai. In hadari ya taso da tsawa, sauka daga ƙololuwa, ka nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Ƙoramar da ta wuce gwiwa tana gudu, jira. Kada ka sa hannu cikin ramin dutse, kada ka zauna a ciyawa ba ka duba ba.

Ƙasar mutane ce kake ratsawa. Yi sallama ko gaisuwa, Hausa tana yi maka aiki a yawancin ƙauyukan Filato. Kada ka taka kunyar dankali don rage hanya. In ka haɗu da garke, rage gudu ka kewaye, ka gai da makiyayi, karnukansa za su lafa. Kada ka ɗauki hoton mata ko wurin ibadar mutane ba izini. Ledar da ka shigo da ita ka fita da ita.

Akwai alamun da in ka gani an gama: ciwon ƙirji, jiri mai sa tangaɗi, ruɗewa har ka kasa lissafi, amai ba tsayawa, fitsari mai launin baƙin shayi, ko ƙafar da ba ta ɗaukar nauyi. Zauna a inuwa ko ka rufa in sanyi ne, busa usur, ka tura na bayanka ya sanar. In ka janye, gaya wa ma'aikacin wurin ba da ruwa mafi kusa ya rubuta lambarka, kada mutane su kwana a dawa da tocila suna neman wanda ke barci a masauki. Haka in kai ka tarar da wani a kwance, tsaya a kansa har taimako ya zo.

Bayan ka dawo

Canja jiƙaƙƙun kaya nan take, ci abinci mai gishiri, kira Inna. Kwana uku za ka riƙa sallah kana neman bango wajen tashi daga sujada. Sati ɗaya ba gudu, tafiya kawai.

Cikin sati biyu ka bi masu alkawarin kilomita, ka rufe littafi, ka fitar da jimilla a inda ka yi sanarwar farko: abin da ya shigo, abin da banki ya cire, abin da aka miƙa, da hoton rasit mai sa hannun shaidun nan biyu. In kuɗin ba su kai ba, faɗi haka, ka tambayi masu bayarwa ko a yi rabin aikin ko a jira. Ranar da aka gama aiki ɗauki wasu daga cikinsu su gani da idonsu. Ni dattijon ƙofar masallaci na ɗauka a bayan babur. Ya sa yaro ya buga famfon, ya tara hannu ya kurkure baki, ya tofar, sannan ya juyo ya ce, "To baɗi ina za ka guda muna?"